Man da Ruwa Ba Ya Shiga

Hoton da Muniratu ta turo min a waya ne ya hana ni ƙarasa ɗinkin da ke gabana. Muniratu ƙanwata ce, ita ke zaune da Baba a Salaga, ni kuma aure ya kawo ni Yendi. A hoton, fuskar Baba ta yi jajur daga goshi har haɓa, kumatunsa suna saɓa. Ta rubuta a ƙasa cewa ya ce zafin gari ne kawai, kada a tayar wa kowa da hankali. Ni kam nawa ya riga ya tashi.

Babanmu, Alhaji Inusah, zabiya ne, kuma dillalin doya. Tun kafin a haife mu yake wuni a kasuwar Salaga cikin rana yana lura da lodi. Bara aka yanke masa wani ƙurji a gefen kunnen hagu a Tamale. Likita ya ce an taki sa'a an same shi da wuri, amma irinsa yakan dawo, kuma rana ce ke tayar da shi. Ya ce malafa, da riga mai dogon hannu, da man kare fata daga rana, kullum ba fashi.

Malafa ba ta ba mu wahala ba. Man ne ya zama yaƙi. Na farkon da muka saya mai kauri ne, fari fat, yana zama a fuska kamar ƙullun koko. Gumi ya kwaso shi ya kai ido, idon Baba kuwa dama lallaɓa shi ake yi. Abokansa na kasuwa, waɗanda bakinsu ba ya hutawa, suka ce Alhaji ya fara kwalliyar amare. Ranar ya cusa kwalbar a ƙarƙashin gado.

Sai yayanmu Rafiu, mai harkar dabbobi a Bawku, ya samo wani sabo a kantin magani. Mai kantin ya ce masa wannan da sababbin sinadarai aka haɗa shi, ruwa-ruwa ne, fata na shanye shi, ba ya barin fari, ba ya yaji a ido. Rafiu kuwa idan ya sayi abu, sai ya fi mai sayarwa yabonsa. Ya aiko da shi a mota, ya bi shi da waya.

"Baba, wannan wotafuruf ne," in ji shi. "Ko gumi, ko ruwa, ba ya shiga."

Baba ya sa masa albarka. Muniratu ta tabbatar mana kullum da safe yana shafawa, har yana cewa ba ya jin akwai komai a fuskarsa. Muka saki jiki.

Ganin hoton nan ne ya sa na kama hanya. A motar Salaga ban ga garin Bimbila da muka ratsa ba, ban ga komai ba, sai fuskar nan. Ina ta zargin man, ina zargin Rafiu da son abin burgewa, ina kuma tsoron abin da ban so in ambata ba, wato ciwon ya dawo ya bazu. Matar da ke kusa da ni ta miƙo min gyaɗa, na ce azumi nake, don kawai ta ƙyale ni.

Na isa gida ana kiran azahar. Baba ya dawo daga kasuwa, yana zaune a kan turmin da aka kife a tsakar gida, buta a gabansa. Bai gan ni ba. Na ga ya ɗauki soson raga, irin wanda muke cuɗa baya da shi, ya goga masa baƙin sabulun gargajiya na alata, ya hau dirzar fuskarsa kamar mai wanke gindin tukunya. Yana yi yana cije baki. Sai da ya ɗauraye tas, sannan ya yi bisimilla ya fara alwala.

Na jira ya idar da salla, na gaishe shi, na tambaye shi abin da ya haɗa fuskarsa da soso.

"Ɗan'uwanki ya ce ruwa ba ya shiga, Sadiqa," in ji shi. "Idan ruwa bai taɓa fata ba, ina alwala?"

Ashe haka yake yi kowace azahar tun zuwan man. Kuma ba ya sake shafawa, don kada la'asar ta zo a koma dirza. Sai ya koma kasuwa da fuska a saɓe, babu komai a kanta, a lokacin da rana ta fi cizo. Bai gaya wa kowa ba, wai kada Rafiu ya ji kyautarsa ta zama wahala.

Maganata ba za ta isa ba a kan salla, na san babana. Na kira Malam Zainudeen, limamin unguwa, ya zo ya shafa man a bayan hannunsa, ya murza, ya duba. Ya ce wannan kamar man kaɗe ne, ya shige fata, ba fenti ba ne da zai yi ɓawo ya tare ruwa, alwala tana inganta a kansa. Baba ya sa ya maimaita, sannan ya sauke numfashi. Ni ma na sauke. Na ɗauke soson na jefa a kan rufin kicin, Muniratu tana dariya, tana cewa za ta gaya wa Rafiu ya rage talla.

Bayan alwalar la'asar na ce ni zan shafa masa. Ya cire malafa, ya ɗago fuska, ya rufe ido. Na bi goshi a hankali, na bi kumatu, ina cewa cikin kwanaki kaɗan jan nan zai kwanta tunda an raba shi da soso. Da na zo kunnen hagu, sai ya kama yatsana, ya kai shi bayan tsohon tabon, ya danna a kan wani ɗan ƙullutu mai tauri.

"Wannan fa, uwata," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada Muniratu ta ji, "soso bai taɓa kaiwa nan ba."