Kwalbar Ƙasan Firji

Ranar farko da kwalbar ta ɓace, Mai Goyo kanta ta ɗora wa laifin. Ta ce wataƙila a gida ta baro ta, tunda dai daga haihuwar nan hankalinta ya rabu biyu, rabi a ɗakin gwaji, rabi a bayanta. Rana ta biyu kuwa da hannunta ta ajiye, ta rufe firjin, ta yi taku uku ta dawo ta sake leƙawa. Amma da Goggo ta je ɗauka ƙarfe biyu, ba kwalba ba dalilinta.

Ɗaliba ce a sashen kimiyyar abinci, a shekarar ƙarshe, kuma duk sashen babu mai kiranta da wani suna sai Mai Goyo. Yaron nata watansa huɗu. Madarar gwangwani ba ta karɓe shi ba, sau biyu aka gwada ya yi ta amai, jikinsa ya feso da ƙuraje. Shi ya sa kullum da safe take tatsar nononta a kwalba, ta sa a firjin da ke ƙaramin ɗakin shayin malamai. Goggo, ƙanwar mahaifinta, ita ke zama da shi a kan benci bayan ginin. In lokaci ya yi ta ɗauko, ta ɗumama a ruwan fulas ta ba shi.

A rana ta biyun sai da yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe kafin a fito da ita daga aji. Tana ba shi nono, Goggo kuma na faɗa ƙasa-ƙasa. Wai ita dama tun farko wurin nan bai kwanta mata ba, mutane sai gaisuwa da baki amma ido na wani wajen, kuma ruwan nonon mace ba abin da ake bari a hannun kowa ba ne. Mai Goyo kuwa lissafin jibi take yi. Ranar Alhamis tana da jarrabawar gwaji ta awa huɗu, wanda ya fita ya fita ke nan. In kwalba ta sake ɓacewa, ko ta bar yaron da yunwa ko ta maimaita shekara.

Zuciyarta ba ta yi nisa wajen neman mai laifi ba. Sakatariyar sashe ce ta taɓa cewa, a gaban mutane, nan fa jami'a ce ba gidan raino ba. Ita ce kuma mai shiga ɗakin nan sau biyar a rana da kofinta. Mai Goyo ta tuna yadda matar ta taɓa ɗaga jakar goyon da yatsu biyu daga kan kujera, kamar ta ɗauki ɓera. Ta tuna wani kallo, ta haɗa da wani tsaki, kafin ta isa gida ta gama yanke hukunci.

Ranar Laraba ta yafe darasin safe. Ta sa kwalbar a ƙasan firji inda ta saba, can inda ya fi sanyi kuma babu robobin abincin malamai. Sannan ta zauna a baranda daura da ƙofar, littafi a buɗe a kan cinya, ko layi ɗaya ba ta karanta ba. Ƙarfe tara sai ga Sakatariya. Ta shiga, ta daɗe, cokali na ƙara a kofi. Da ta fito ta dube ta sama da ƙasa.

“'Yar nan, gadi aka ba ki ne?”

Mai Goyo ta gaishe ta a daƙile. Matar na ɓacewa ta faɗa ɗakin ta buɗe firji. Kwalba na nan yadda ta bar ta. Maimakon ta ji sanyi sai ta ce a ranta, ai don ta gan ni ne.

Wajen ƙarfe goma Baba Mai Makulli ya zo wucewa da akwatin ƙanƙararsa da babban littafinsa a hammata. Shi ne ma'aikacin ɗakin gwaji, shekara ashirin da wani abu, shi ya koya musu wanke kwalba da riƙe ma'auni. Har ƙasa ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi lafiyar maigidansa, wato yaron, ya shiga ya fito. Don dai ta cika ƙa'idar da ta sa wa kanta ne kawai ta tashi ta duba.

Wayam.

Ta bi shi. A ɗakin gwaji ta tarar yana jera kwalaben madarar shanu da ake kawowa daga gonaki don binciken Farfesa. Tata na tsakiyarsu. Iri ɗaya suke, masu murfi shuɗi, don irinsu ta saya saboda suna jure tafasa kuma ba sa yoyo. A jikin kowace akwai farin tef da kwanan wata da lokaci da yawan abin da ke ciki. Nata rubutun ma ya fi na sauran tsabta. Shekara uku Baba yana yi musu faɗa cewa kwalbar da ba a rubuta ba ta zama shara, har hannunta ya saba, ba ta ma san tana yi ba.

“Baba, wannan ta yarona ce.”

Ya ɗago tabarau ya dube ta, ya dubi kwalbar. Da ya gane, sai ya nemi kujera ya zauna yana salati. Ya ce tun farkon makon nan aka mayar da ajiyar samfurin safe ƙasan wancan firjin, saboda nasu ya lalace, kuma ya manna sanarwa a allon malamai, inda ɗalibai ba sa dubawa. Biyun farko ya riga ya auna su. Sukari ya yi yawa, abin da ba a taɓa gani a saniya ba, har Farfesa ya fara zargin wata gona da haɗi, shi kuma yana zargin wani ɗalibi da shaƙiyanci. Kwana biyu yana sa wa mutane ido.

“Ni har yabon mai rubutun nake yi,” in ji shi. “Na ce ko wane ne wannan, ya sami tarbiyya.”

Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi kwalbar ta juya ta, ta duba murfin, ta tambaye shi ko ya buɗe, ko ta taɓa wani abu a akwatin. Ya rantse bai buɗe ba. Duk da haka sai da ta wanke bayan kwalbar da sabulu sau biyu. Shi kuwa ya ja layi a kan sakamako biyu a littafinsa, ya ce bari ya je ya wanke masu gona a wurin Farfesa tun kafin takarda ta fita.

Ranar Alhamis ba ta manna tef ba. Safar yaron ta zura wa kwalbar, ja mai ɗigon fari, ta ajiye a cikin firji daga sama, kusa da robar Sakatariya. Tana juyowa suka yi kiciɓis. Mai Goyo ta gaishe ta gaisuwa mai tsawo, fiye da yadda ta saba. Matar ta ce ta ji labari, kuma ta san wa aka zauna gadi jiya. Ta ce ita ma ta yi goyo huɗu a bakin aikin nan, don haka Mai Goyo ta je ta yi jarrabawarta, ƙarfe biyu ita da kanta za ta miƙa wa tsohuwar kwalbar.

Mai Goyo ta yi godiya. Ta kai ƙofar ɗakin jarrabawa, ta dawo ta sake buɗe firjin, ta ga jar safar, sannan ta shiga. Ta zaɓi teburin da ke kusa da tagar baya. Ƙarfe biyu saura kaɗan kukan ya taso, ta tsaya da ma'auni a hannu tana ƙirga numfashinta. Ta kai goma sha ɗaya, kukan ya yanke. Ta saurara kaɗan, sannan ta sunkuya ta karanta ma'aunin.