Ayar da Ke Bangon Hilke

Sau uku Gesche Saathoff tana goge tabarau da gefen rigarta tana sake duƙawa kan kundin coci, rubutun bai canza ba. Ga sunanta da hannun marigayi Fasto Onnen, ga kuma ayar da ke gaban sunan: "Ni na yi ki, ni zan ɗauke ki, har ki tsufa, har ki yi furfura."

"Wannan ai ta Hilke ce," in ji ta.

"Abin da ya kawo ni ke nan," in ji Fasto Tammena, sabuwar fastonmu, wadda ta ɗauko kundin takanas ta ajiye a kan teburin girkin Gesche. "A kundi taki ce. Sunayenku na jere, Saathoff kan Saathoff. Da marigayin ya zo kwafewa a takardunku sai ya tsallake layi."

A ƙauyenmu duk wanda ya kai shekara goma sha huɗu yakan durƙusa gaban bagade ranar tabbatarwa, fasto ya ɗora masa hannu a ka, ya karanta masa ayar da ya zaɓar masa. Da ita za a ɗaura maka aure, da ita za a binne ka. Bibbiyu ake durƙusawa, kuma Gesche da Hilke, 'ya'yan wa da ƙane, tare suka durƙusa. Hilke ta tashi da alkawarin ɗauka. Gesche ta tashi da: "Ki jira Ubangiji, ki yi ƙarfin hali, ki jira."

Ta kuwa jira. Ta jira mahaifiyarta ta tashi daga shanyewar jiki, shekara goma sha ɗaya, ba ta tashi ba. Ta jira mahaifinta ya gama ruɗewar tsufa. Saurayin da ya ce zai jira ta ya gaji ya koma birni. Ita kuwa Hilke, kamar da ita aka raba duniya: ta auri Ubbo mai shanu tamanin, ta haifi biyar, kumatunta kullum jajur, dariyarta tun daga bakin shingen teku ake jin ta. Ba mijin Gesche ke ƙyashi ba, Ubbo ko kyauta ba ta so. Takardar ayar nan da ke rataye a falon Hilke, saman kabad ɗin kofuna, ita ke ci mata rai. Duk ranar da ta je shan shayi sai ta zaɓi kujerar da ta juya wa bangon baya. Kowa ya lura, ba wanda ya taɓa tankawa.

"Ranar Lahadi za ku cika shekara sittin da tabbatarwa," in ji fasto. "Za ku sake durƙusawa, ni kuma in sake karantawa. Wacce zan karanta a kanki? Ban gaya wa Hilke ba tukuna."

"Kada ki gaya mata," in ji Gesche, har ta miƙe tana neman mabuɗin kekenta. "Ni zan kai mata da bakina."

Iska na tura ta baya tana tura keke gaba, tana tsara maganar da za ta faɗa. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Da wannan za ta fara. Shekararta saba'in da huɗu, amma rabon da ta ji ƙarfi irin na ranar har ta manta.

Ta tarar da Hilke ta ɗora ruwa, tana jan ƙafa da sanda tsakanin murhu da tebur.

"Kai, yau da wa na tashi? Gesche ba Laraba ba, ba Lahadi ba? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Zuba shayi."

Hilke ta jefa dunƙulen sukari a kofi, ta zuba shayi a kai har ya yi ƙara, ta zagaya bakin kofin da kirim ɗin madara. A wurinmu ba a buɗe magana mai nauyi kafin kofi na uku, don haka Gesche ta haɗiye nata biyun kamar magani. Yau kuma kujerar da ke fuskantar bangon ta zaɓa. A na uku ta saka cokali cikin kofi, alamar ta ƙoshi, ta nuna takardar da haɓa.

"Waccan tawa ce. Kundi ya faɗa. Tsohon ne ya tsallake layi."

Ta zuba ido ta ga kumatun nan sun koɗe. Ba su koɗe ba. Hilke ta ajiye butar a hankali.

"Na sani," in ji ta.

"Kin me?"

"Ranar Laraba bayan tabbatarwar ya zo gidanmu da hularsa a hannu, ya ce ya yi kuskure, a ba shi ya musanya. Kin tuna a hunturun nan teku ya ci Babana. Na rungume takardar na shige ƙarƙashin gado ina ihu. Ya daɗe a tsaye, sai ya sa hularsa ya tafi."

Gesche ta zo da niyyar ƙwace, ashe ita aka ƙwace wa, kuma a kan sani.

"Ɓarauniya," ta ce. "Shekara sittin ina shan shayinki a ƙarƙashin kayana! Aka ɗauke ki kamar ƙwai a cokali, ni aka bar ni da wankin zannuwan fitsari."

"Ɓarauniya kam, na yarda. Amma ƙwai a cokali?" Hilke ta yi wata 'yar dariya wadda ba irin tata ba. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kin taɓa tambaya me ya sa nake sa dogon hannu da bazara, zamanin da Ubbo ke shan barasa? Da ɗana Focko ya faɗa rami yana ɗan shekara uku, kin gan ni a jana'iza ban yi kuka ba, kika ce wa matar mai burodi zuciyata dutse ce. Ta gaya mini. A gaban takardar nan nake tsayawa kowace safiya in ce wa Allah, to, kai ka ce za ka ɗauka, ga ni, ni dai ba zan iya taka ƙasa ba yau."

Gesche ta sunkuyar da kai. Za ka ce tausayi ne ya kama ta, amma ni da na san ta na san ba shi ba ne. Sabon ƙyashi ne, ya fi na da zafi. Ita ba ta taɓa yi wa Allah magana haka ba, kamar mai yi wa maƙwabci tuni da alkawari.

"Ke kuma," in ji Hilke, "wa kike tsammani ya ɗauke ki? Kin binne mutum biyu ke kaɗai, ba ki haukace ba, ba ki kama kwalba ba. Ga ki kan keke cikin wannan iska, ni ko matakala biyu sai an riƙe ni. Allah bai tsallake layi ba, 'yar'uwa. Ni ce mai raunin da sai da takarda."

"Kada ki yi mini wa'azi da kayana."

"To sauke abinki. Hannuna ba ya kaiwa yanzu. Na riga na haddace, ko an ɗauke ba a rage ni da komai ba."

Gesche ta ja kujera ta hau, ta zare takardar daga ƙusa. Inda ta tashi, bangon ya bar fari fat, sauran duk hayaƙin shekaru ya rina shi. Ta duba takardar. A gilashin, daidai kan kalmar "ɗauke", akwai dabbaren yatsa da ba ya goguwa. Ta juyo ta ga Hilke ta kafa wa farin wurin ido, hannunta biyu a kan sanda. Ta daɗe tsaye a kan kujerar, sannan ta mayar da takardar kan ƙusarta, a karkace, ta sauko ta fita ba sallama.

Ranar Lahadi su bakwai suka rage cikin ashirin da ukun da aka tabbatar tare. A ƙofar coci fasto ta ja Gesche gefe ta tambaye ta da ido.

"Karanta yadda yake a takarda," in ji Gesche. "Shekara sittin tana tsotsa, yanzu a miƙo mini ƙashi? Tawa kuma wa zan bar wa? Hilke ba ta iya jiran ko ruwan shayi ya tafasa ba."

Da aka kira sunayensu, sai da dattawa biyu suka tallafi Hilke kafin gwiwoyinta su kai matashi. Gesche ta durƙusa da kanta, tana kallon gabanta. Fasto ta ɗora mata hannu ta ce ta jira Ubangiji, ta yi ƙarfin hali. Gesche ta ce amin a daƙile. Hannun ya tashi ya koma kan Hilke.

"Ni na yi ki," fasto ta fara.

Mu da ke layin gaba mun ga kan Gesche yana karkata, kaɗan-kaɗan, kamar mai gyangyaɗi, har furfurarta ta taɓa ɗan yatsan fasto.

"Matso sosai mana," Hilke ta raɗa, idonta a rufe. "Akwai wuri."

"Yi mini shiru," in ji Gesche. Amma ba ta janye kan ba har aka kai ƙarshen ayar.