Farantin Yashin Malam Sabo

Kullum bayan sallar asuba, kafin ya kurɓi shayi, Malam Sabo yakan hau saman benen da suke haya a unguwar Misfala, ya durƙusa gaban wani farantin tangaran cike da yashi, ya yi ta karatu. Yau tattabaru biyu ne suka sauka a ciki, ɗayarsu ba ta da yatsa guda a ƙafar dama. Tsaka ta ratsa ta gefe tana jan wutsiya. Kyanwar maƙwabta ta ɗora ƙafa ɗaya, ta ji abin bai yi mata ba, ta fasa. Da ya gama sai ya shafe yashin da tafin hannu, ya bar wa gobe.

Shekararsa arba'in da uku a Makka. Hajji ya kawo shi daga Burra ta ƙasar Ningi, aikin gadi ya riƙe shi, aure ya zaunar da shi. Amma kafin duk wannan, shi ɗan Sarkin Baka ne, shugaban mafarautan garinsu, kuma tun bai iya ɗaura wando ba ya iya bambance sawun gada da na ɗan akuya. Sai ga shi Allah ya ajiye shi a garin da ba a farauta, ba a firgita tsuntsu, ba a karya ko ƙaya. Sabo bai taɓa jayayya da wannan ba, hukuncin Allah ne, ya karɓa hannu bibbiyu. Tattabarun garin ma sun san da zancen. Sukan ɓata masa rigar da ya shanya, sannan su tsaya suna kallonsa da ido ɗaya.

Ba rashin harbi ne ke cin ransa ba. Garin ne ba ya riƙe sawu. Daga kwalta sai marmara sai tayil, mutane miliyan su wuce ta Misfala a yini guda, ƙasa ba ta san wani ya taka ta ba. Shi ya sa ya samo yashi daga wurin wasu magina, ya yi wa kansa daji mai faɗin faranti.

Ranar wata Alhamis da hantsi Taha ya zo gaishe shi. Taha haifaffen Makka ne, jikan alhazan Sakkwato, yana da shagon kayan ƙamshi a Zahir, kuma bara ya sayi gona a kan duwatsun bayan Ɗa'ifa. Bai ko gama zama ba ya miƙo waya.

"Shuf, Sarkin Baka. Duba wanga wuri, ka gaya min in ba aljannar duniya ba ce."

Sabo ya sa tabarau. Ya ga tsauni gajimare na kwance a kafaɗarsa, ga itatuwan rumman da ɓaure jere a kan matakalar dutse. A ƙasansu akwai tafki da aka datse, ruwan ya yi kore, karfasa na fasa samansa suna komawa. Fakara ta tashi daga ciyawa da irin firgitar da ya sani, har sai da yatsansa ya motsa shi kaɗai. Can sama a kan wani falalen dutse agwada uku suna shan hantsi, birai kuma sun yi layi a kan katanga kamar masu jiran rabo.

"Tsaya," in ji Sabo. "Koma baya. A'a, ba kifin ba. Taɓon bakin ruwan. Ƙara girmansa."

Taha ya buɗa hoton da yatsu biyu. Sabo ya kai fuskarsa har numfashinsa ya dushe gilashin.

"Zabi nawa ka rasa?"

"Wa ya ba ka labari? Bakwai! Birai sun hana ni sakat, wallahi."

"Ka nemi gafarar birai. Dila ce, mace, kuma tana shayarwa. Ba ta nisa da raminta. Duba yadda take zuwa da komawa ta hanya ɗaya."

Taha ya saki baki, sannan ya tafa hannu. Ya ce abin da ya kawo shi ke nan. Baƙi na zuwa gonar su jefa fatsa, in lokacin fakara ya yi su fita farauta da takardar izini, amma a cikin ma'aikatansa babu wanda ya san daji, ko kashin zomo ba su iya ganewa. Akwai ɗaki guda da tagarsa ke kallon tafkin. Ba aiki yake so Sabo ya yi ba, ido kawai yake so.

"Ammu Taha, shayinka zai huce."

Samah ce ta yi maganar daga bakin ƙofa. Ita ce 'yar Sabo tilo, a hannunta yake tun rasuwar mahaifiyarta Shatu, kuma a kantin magani take aiki, don haka ta fi kowa sanin abin da likita ya faɗa wata huɗu da suka wuce game da zuciyar tsohon. Ta jira har baƙo ya sauka, sannan ta rufe ƙofa ta juyo.

"Abuya, halas, zancen nan ya ƙare a nan."

"Ai bai fara ba tukuna."

"Mutane suna sayar da gonakinsu don su zo su mutu a nan. Kai kuma za ka bar nan ka je ka mutu a gona? Wa zai sallace ka a can, birai?"

"Taha yana alwala, na sha gani."

"Ba wasa nake ba! Shekara arba'in kana roƙon Allah ya sa a ɗauki gawarka a shiga da ita Harami, dubban mutane su yi maka salla. Yanzu da ya rage kaɗan..." Ta katse maganar, ta ce, "Ummi tana nan. Ita ma za ka bar ta?"

Wannan ta same shi. Shatu tana maƙabartar Shara'i, a cikin dubban kaburbura masu kama ɗaya, babu suna babu alama. Duk Juma'a yakan je ya tsaya a inda yake kyautata zato, ya yi addu'a. Mutumin da ya taɓa bin sawun barewa yini biyu a kan dutse, yau ba zai iya nuna inda matarsa take kwance ba, kuma wannan yana yi masa ciwo fiye da zuciyar da likita ke magana a kai. Samah ta ɗauka ta ci nasara, ta kwashe kofunan shayi.

Da an bar shi da farantinsa, wataƙila da nan zancen ya mutu. Amma bakin mutane ba ya azumi. Wata mata a benen da ke kallon nasu ta daɗe tana hango tsoho durƙushe gaban yashi da sassafe, yana nuni da yatsa, leɓɓansa na motsi, ya shafe ya tashi. Bahaushiya kuwa in ta ga haka, abu ɗaya ne zai zo mata. Kafin mako ya zagayo, rabin Misfala sun ji cewa Malam Sabo yana bugun ƙasa. Har wata ta tare Samah a matakala, ta rage murya, ta ce ko Malam zai duba mata wanda ya ɗauke mata zobe.

A garin nan ba a wasa da zancen duba, magana ɗaya a kunnen da bai dace ba ta isa ta wargaza gida. Samah ba ta shawarci kowa ba. Ta hau sama ta juye yashin a ledar shara, ta wanke farantin da sabulu.

Washegari Sabo ya hau bayan asuba, ya tarar da siminti fayau. Ya duba bayan tankin ruwa, ya duba ƙarƙashin igiyar shanya. Da ya sauko aka kawo masa shayi, ga dabino an jera a kan farantin, yana ta ƙyalli.

"Ma'alesh, yi haƙuri, Abuya," in ji Samah, ba ta ɗago ba. "Cewa suke yi kana duba."

"Dubawa nake yi mana. Tattabara nake dubawa."

"Ba za su gane haka ba."

"Ke kin gane?"

Ya ɗauki dabino ɗaya ya juya shi, ya mayar. Bai yi faɗa ba, da ma ba mai faɗa ba ne. Ya shiga ɗaki ya jawo jakarsa, ya sa riguna biyu da ledar magunguna, ya ɗauko likkafaninsa da ya wanke da zamzam tun shekara goma, ya ninke ya ɗora a sama.

"Ga kayan tafiyata ta ƙarshe na ɗauka, na rage miki aiki," ya ce. "Na bar wa garin nan baka, na bar masa kwari, ban yi nadama ba. Yashi cikin faranti ne kawai na riƙe. Tun da shi ma ya yi yawa, bari in je inda ba a auna shi."

Ya sauka matakala yana hutawa a kowane hawa. Yana tsaye a bakin titi yana ɗaga wa tasi hannu sai ga ƙaramar motar Samah ta tsaya a gabansa. Idanunta sun yi ja. Ta ce in dai faɗuwa zai yi, gara ya faɗi a inda take gani.

Suka fita daga Misfala, suka bar manyan otal-otal a baya, suka kama hanyar Ɗa'ifa. Gine-gine suka yi ta raguwa, duwatsu baƙaƙe suka matso, can gaba tsaunukan suka bayyana shuɗi-shuɗi. Sai ga ginshiƙan da ke nuna iyakar Harami a gefen hanya. Samah ta rage gudu, ta gangara gefe, ta kashe mota. Tsakaninsu da alamar bai fi taku ashirin ba.

"Ma agdar," ta ce. "Ba zan iya ba. Ba ni ce zan fitar da kai da hannuna ba. In wani abu ya same ka a can, me zan ce wa Allah?"

"Ki ce masa na tafi ganin halittarsa."

Ya buɗe ƙofa, ya rataya jaka, ya dogara sanda. Manyan motoci na wucewa suna kaɗa masa riga. Bai bi kwalta ba, ya sauka kan rairayin gefen hanya, ya fara tafiya. Taku biyar ya tsaya ya ja numfashi. Samah ta fito tana kiransa, da Larabci, da Hausa, da kuka. Bai waiwaya ba sai da ya wuce ginshiƙin, ya ƙara taku goma don kada a ce bai fita ba. Sannan ya juyo, amma ba ita yake kallo ba. Ƙasa yake kallo.

Ta iso tana haki, ta kama hannun rigarsa.

"A hankali, kada ki taka," ya ce. "Zo ta nan. Duba."

Ga shi nan a kan rairayi, layi guda daga mota har inda yake tsaye, sawun takalminsa da ɗigon sanda a gefe. Ya durƙusa da ƙyar, ya nuna da yatsa kamar yadda yake yi a saman bene.

"Karanta min."

"Abuya, sawunka ne kawai."

"Rabona da ganinsa tun kafin a haife ki. Bari ni in karanta miki." Ya bi layin da ido, leɓɓansa na motsi. "Namiji ne, tsoho. Yana jan ƙafar hagu. Kin ga nan, da nan, ya tsaya ya huta, numfashi ya gaza masa. In da a Burra ne, babana zai ce kada a ɓata kibiya a kan wannan, ba zai ga damina biyu ba."

Samah ta toshe baki da gefen mayafinta.

"Na san abin da likita ya faɗa, 'yar nan, ƙasa ma ga ta ta faɗa. Amma duba inda ya sa gaba."

Ta duba. Duk sawun, har waɗanda suka karkace, tsauni suke fuskanta. A gefensu kuma ga wasu ƙanana masu zurfin yatsu, na mai gudu, sun biyo su har suka tsallake alamar ba tare da mai su ta lura ba.

Sannan ta saki rigarsa, ta koma ta gefen kwalta don kada ta ɓata layin. Ya ji ta tayar da mota. Ta matso a hankali, ta wuce ginshiƙin, ta tsaya daidai inda yake, ta miƙa hannu ta buɗe masa ƙofa.

"Maganin rana ƙarfe biyu ne," ta ce. "Ko a gaban birai."

Ya shiga ya ɗora jakar a cinya. Ya sauke gilashi, yana kallon wani siririn sawu da ya ratsa rairayin ya haura dutse.