Taken Daudu

Kalma ɗaya ce ta tsayar da Mati a bakin ƙofar nan. Mai gadi ke ta nanata ta ga masu wucewa: kyauta.

"Kyauta fa na ji ya ce?" ya tambayi 'yarsa Zinariya, wadda ta rako shi Katsina ganin likitan ido.

"Haka ya ce, Baba. Gidan raya al'adu ne, duk Asabar suna wasa. Mu dai mu wuce, kada motar Batsari ta cika."

Mati bai motsa ba. A wannan zamani da ko ruwan sha sai an ƙulla shi a leda an sayar maka, a ce ga gini mai fanka da kujeru, kowa ya shiga ba ko sisi? Shi dai tun yana yaro haka yake, in ya ga rami sai ya leƙa. Ya gyara hularsa ya kutsa, Zinariya ta bi shi tana ƙunƙuni.

Abin da ya gani a ciki ya ba shi dariya har da tari. An rataye garma a bango, an kunna mata fitila, wasu 'yan birni na tsaye suna ɗaukarta hoto. A kan dandamali kuma samari ne cikin sababbin riguna, sun jeru suna noman siminti, ba wanda ya yi gumi.

"Allah Sarki," in ji Mati. "Mu an kore mu daga gona, su kuma sun kawo ta ɗaki."

Sai mai gabatarwa ya ce yanzu za a ji gangar noma daga yammacin jiha. Wani dattijo ramamme ya fito yana jan ƙafa. Idon Mati bai kai ya ga fuskarsa ba, amma gula na sauka kan fata tsigar jikinsa ta tashi. Ya san hannun nan. Duk ƙasar Batsari da Safana mutum ɗaya ke taɓa ganga haka, ya ɗan ja baya kamar mai jin kunya sannan ya sake ta. Barau ne, makaɗin gayyar garinsu Yasore.

Damina biyu ke nan da mutanen daji suka kwashe Barau daga gona tare da wasu manoma. Cikinsu har da Daudu, babban ɗan Mati. Tun daga ranar ba wanda ya kawo labarinsu, gari ya watse, kowa ya kama gabansa.

Mati ya lalubo hannun Zinariya ya riƙe.

"Saurara," ya ce. "Take yake bi."

A wajensu kowane manomi da takensa, kiɗan da in an yi shi ya san da shi ake, ya tashi ya yi kirari ya kama kunyar noma. Barau kan bi su ne gida gida, daga gabashin gari zuwa yamma. Kuma akwai abin da ba ya yi ko da wasa: ba ya kaɗa taken wanda ya mutu. Ranar da aka binne mutum, ranar yake ajiye kiɗansa.

'Yan kallo suna ta tafi, a zatonsu kiɗa ne guda mai daɗi. Mati kuwa gari yake gani ana zagayawa. Ga gidan Jafaru. Ga na maƙera. Sai ganga ta tsallake gida guda, ya runtse ido ya yi wa mai gidan addu'a. Ta ƙara tsallake wani. Tsoro ya kama shi sosai, don gidansa na can yamma, kuma bayan takensa na Daudu ne ke biye.

Da nasa ya zo, bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Sai ni Mati na Lami!" ya ƙwala da muryar da shi kansa ya ɗauka ta mutu. "Mai kwana a kunya, mai tashi da garma!"

Ɗakin ya kaure da shewa, aka juyo da wayoyi kansa, kowa na cewa ashe har da wannan a cikin shirin. Zinariya ta rufe fuska da mayafi. Amma ganga ta yi shiru. Barau ya tsaya, gula a sama, yana lalube cikin jama'a da ido. Mati ma ya tsaya.

Gula ta sauka. Taken Daudu ne, cikakke, har sau biyu.

Mati ya zauna ya yi kuka a gaban mutane, bai damu da kowa ba.

Bayan an tashi suka tarar da Barau a bayan ginin, zaune ƙarƙashin dalbejiya yana sassauta tsarkiyar gangarsa. Suka gaisa, suka daɗe suna gaisawa, har da tambayar gajiya da iyali, kamar jiya suka rabu.

"Ka tsufa, Mati."

"Kai ma ba ka ƙara kyau ba." Ya matso. "Yana ina?"

Barau ya ci gaba da jan tsarkiya.

"Ban sani ba."

"Kamar ya ba ka sani ba? Da kunnena na ji ka kaɗa shi!"

"Tun a daji suka raba mu. Ni aka sako ni da ƙafar nan ta ruɓe. Waɗanda na tsallake, da hannuna na sa su a rami. Daudu kuwa ranar da na gan shi ƙarshe yana tafiya da ƙafarsa. Mi zai sa in ajiye takensa?"

Zinariya ta juya baya tana share ido. Mati ya ji murnar da ta cika masa ƙirji tana zurarewa, har haushi ya kama shi.

"To mi ye amfanin kiɗan, Barau?"

"Nan ne kaɗai wurin da talaka ke shigowa ba a tambaye shi komai ba. Na ce wata rana wani namu zai faɗo." Ya ɗago ya dube shi. "Kai ma duk Asabar ina kaɗa naka ban san kana duniya ba. Ga ka kuwa."

A motar Batsari yatsun Mati na ta taɓa gwiwarsa a hankali. Sun kusa gida sannan ya juyo.

"Zinariya, likitan nan yaushe ya ce in komo?"

"Sai bayan wata guda, Baba. Ranar Talata."

"Ki ce mashi Asabar."