Sitiyarin Baba Andrawus

Tun da na buɗe gareji a Kafanchan ban taɓa ganin mai tarairayar mota irin Baba Andrawus ba. Tsohon direban jirgin ƙasa ne. Da ya yi ritaya daga reluwe a 1992 ya sayi Fijo 505 'yar Beljiyam, irin mai sitiyarin nan mai laushi da famfon mai ke taimaka wa. Kullum sai mun tsokane shi, mu ce jirgi ba ya da sitiyari, sai da furfura ya zo koyon shan kwana.

Wata safiya sai ga matarsa, Mama Faustina, ta tiso shi a gaba har gareji, fuskar nan a murtuke.

"Lawal, tsakaninka da Allah ka faɗa mini gaskiya," ta ce. "Jiya a hanyar Zonkwa saura ƙiris mu faɗa gonar citta. In hannun tsohon nan ne ya mutu, yau ɗin nan zan miƙa wa ɗanmu Gershon mota."

Sai da ta zauna a benci Baba ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗana, sitiyarin nan ya daɗe yana fin ƙarfina, ban gaya wa kowa ba. Har guntun ƙarfen layin dogo nake ɗagawa a bayan gida ko hannun zai dawo, amma ina! In aka karɓe motar nan, sai zaman kujera."

Wallahi sai ya ba ni tausayi. Na shiga na tayar da mota, na murɗa sitiyari. Kai! Ni da nake da jini a jika sai da na ciji leɓe. Na buɗe bonet na leƙa tulun man sitiyari. Jan man yana nan cike, ba kumfa, ba ƙauri. Tiyo ba ya yoyo, tayoyin gaba ma da iskarsu. Na ce Baba ya murɗa ina kallo. Sai na ga bel ɗin da ke juya famfo yana ta sulɓewa, shi kuwa famfon ya toge kamar jaki a bakin rafi. Na kashe inji na shafa bel ɗin, yatsuna suka fito baƙi ƙirin, sai santsi.

"Baba, wa ya zuba wa bel mai?"

"Ni mana!" ya ce, har da buga ƙirji. "Kuka yake yi da safe. Mu a reluwe duk abin da ya yi ƙara mai ake ba shi. Ba ranar da ba na ɗiga masa."

Dariya ta kusa kayar da ni cikin inji. Na ce, "Haba Baba! Sakin da ya yi ne ya sa shi kuka, ɗauri yake so. Kai kuma ka bi ka jiƙa shi, da me zai kama famfo?"

Na cire shi, na wanke wurin da fetur, na sa sabo na ɗaure tam, na tayar da inji. Baba ya zauna ya taɓa sitiyari da yatsu biyu, tayoyi suka juya ba gardama. Ya kai dama, ya dawo hagu, ya sake, yana dariya kamar yaron da aka ɗinka wa kayan Kirsimeti. Can sai ya ƙura wa hannayensa ido.

"Ashe ba ni ba ne," ya ce. "Na gode wa Ubangiji."

Mama ta taso, na ce a raina yau Baba zai sha faɗa. Ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, ta kama hannunsa ta matse, idonta ya ciko.

"Kana tsammani ban san da ƙarfen bayan gida ba? Ta taga nake kallonka kullum ina addu'a. Ja mu je gida, tsohon banza, na ajiye maka tuwon acca."