Mashigar Jirgi a Falo

Ranar Asabar da rana Baba ya zauna ya ci abinci, bayan kusan mako guda yana ci a tsaye, in ma ya ci. Bai zauna ba sai da surukarsa ta karɓi jar tuta daga hannunsa.

Baba tsohon mai tsaron mashigar jirgin ƙasa ne, wurin da titin mota ya ratsa layin dogo. Aikinsa shi ne sauke sanda ya tare motoci idan jirgi zai wuce. Ya daɗe da yin ritaya. Bara ya yi ciwon da ya taɓa masa ƙafar hagu, ya kuma taɓa tunaninsa. Tun daga nan ya kwanta, ya juya wa duniya baya. Likita ya ce a nemo abin da zai tashe shi.

Ɗansa, mai gyaran fanka da rediyo, shi ya nemo. Ya kafa faffaɗan katako a falo, ya shimfiɗa layin jirgin wasa mai zagaye. Ya yanka kwali ya shafa baƙin fenti, ya zama kwalta, ya jera motocin wasa a kai. Inda titin ya haɗu da layin, ya cike tsakanin ƙarafunan da tsinken ashana, ya bar 'yar kafa don ƙafafun jirgi. Sandar kuwa eriyar tsohuwar rediyo ce, an yi mata ja da fari.

Baba ya tashi. Ya zagaya katakon yana dogara sandar tafiyarsa, ya ce a ɗinka masa tuta. Aka ɗinka, ana murna.

Abin da ɗan bai lissafa ba shi ne, wannan jirgin ba ya zuwa ko'ina. Kafin Baba ya ɗaga sanda, jirgin ya sake zagayowa. Mai tsaro kuma ba ya barin mashiga jirgi na tafe. Baba ya tsaya daga safe har yamma, ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da ƙyar ake tallabe shi zuwa gado, yana faɗa.

Ɗan ya zare soket. Baba ya ce jirgi ya mutu a kan layi, wannan ya fi haɗari, ya ɗaga tuta ya tsaya. Ɗan ya ɗauke jirgin ya sa a kwali. Baba ya ce jirgi ya makara, dole a jira shi.

"Baba, abin wasa ne fa," in ji ɗan. "Ni na haɗa shi da hannuna."

"Motocin nan da ke jira, su ma kai ka haifi direbobinsu?"

Likita ya ce idan kumburin bai sauka ba za a kwantar da shi. Kowa a gidan ya san idan Baba ya sake kwanciya, tashinsa sai Allah.

Surukar ma'aikaciyar jinya ce, ta saba karɓar aiki daga hannun wadda ta gama. Ranar Asabar ta sa a mayar da jirgin kan layi. Ta ɗaura agogo, ta zo ta tsaya kusa da shi.

"Sannu da aiki, Baba. Na zo canjinka."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Kin makara, 'yata."

"A yi haƙuri. Me ake ciki?"

Ya ce sanda tana ɗan cijewa, a riƙa tallafa mata. Ya ce a sa ido kan jar motar nan, direbanta ba ya jin magana. Sannan ya miƙa tutar, ya ja kujera, ya tambayi abin da aka dafa.

Ta tsaya har ya ci, ya yi barci, ƙafar a kan matashi. Da ya farka, ɗan ya gyara wuyan riga ya ce gobe shi zai karɓa.

"Kai?" in ji Baba. "Mutumin da ya ɗauke jirgi daga kan layi da hannu? Ko akuya ba zan bar maka ba."

Surukar za ta tsaya gobe Lahadi. Jibi za ta koma asibiti da sassafe. Har zuwa yammacin Asabar, Baba bai amince da kowa ba sai ita.