Jijiyar Alhaji Maccido

Mode Wanzami bai taɓa jin haushin asibiti ba sai a kan Alhaji Maccido. Wanzancin gidan Alhaji gado ya yi shi. Uban Mode ne ya yi wa Maccido kaciya, shi kuma Mode shi ke aske shi duk Juma'a, shi ke cire wa 'ya'yansa belu, ya yi musu tsagar gida ranar suna. Kuma shi kaɗai ya san abin da ke cin Alhaji: ciwon maraina, ɓarin hagu, shekara shida yana hana shi zama a rumfarsa ta yadi sai a karkace. Mode ya kafa ƙaho a cinya, ya kafa a ƙugu, ya jiƙa saiwoyi iri-iri. Ciwon ya lafa kwana biyu ya dawo. Amma fa duk sanda Alhaji ya ja shi gefe ya rage murya, sai Mode ya ji duk Sakkwato ba kamarsa.

Ana nan kuɗin mai suka shigo, sojoji na ta gine-gine, aka kawo wani likita matashi da ya yi karatu a ƙasar waje. Wani aboki ya matsa wa Alhaji har ya je. Likitan ya yi masa allura a matsematsi, ciwon ya ɗauke na yini guda, ya ce to an gano jijiyar da ke kai ciwon. Zai tsaga kaɗan ya yanke ta, sauran kayan Alhaji ba abin da zai taɓa su. Aka yi aikin. Kafin wata guda Alhaji na zaune daram a rumfa, yana tuƙa Fijo ɗinsa har Wamakko, kuma ba shi da hira sai ta likita.

Ka ji abin takaici, aska na kan mutum yana yabon hannun wani! Mode ya riƙa haɗiyewa, kishi na cin sa kamar gara. Yaron da ko gemu bai gama tarawa ba, a yini ɗaya ya share masa shekara shida. Rannan bayan La'asar, a majalisar bakin masallaci, wani ya sake ɗauko zancen likitan, sai Mode ya taɓe baki.

"Ai jijiya guda ta ga namiji," in ji shi. "In anka yanke ta, sai dai shi ci tuwo shi yi kwana."

Aka yi dariya, ya ji sanyi a ransa. Ya san ba haka ba ne, ya kuwa fi kowa sani, shi ya sa ma aka yarda.

Wata biyar bayan aikin, Bara'atu matar Alhaji ta sami ciki. Nan fa gari ya shiga lissafin watanni da yatsu. Maganar ta zaga ta dawo wa Mode daga bakin wasu, an yi mata ƙari, har da sunan direban gidan. Bara'atu ta daina zuwa biki, ta daina leƙa ko maƙwabta. Likita ne Mode ya nufa da jifan, sai ya sami baiwar Allah a ɗakinta. Ya ji kunya, ya kuma ji tsoro, don in maganar ta kai kunnen Alhaji, shi da gidan nan sai dai kallo. Alhaji dai bai fasa kiransa aski ba. Yana ba shi kai duk Juma'a, amma hira ta mutu.

Aka haifi namiji. Ranar suna aka aiko kiran Mode, ya saɓi zabirarsa yana hamdala, a zatonsa ya tsallake. Aka raɗa wa yaro Abdullahi, aka raba goro. Maimakon a shigar da wanzami cikin gida kamar yadda aka saba, sai Alhaji ya sa aka fito da jaririn zaure, gaban liman da 'yan majalisar nan kaf.

"Mode," in ji Alhaji a hankali, "ubanka yay yi min tsagag gidanmu. Ka san ba a yi ma ɗan wani ita. In ɗana na, yi mai, kowa shi gani."

Mode ya durƙusa, ya tallabi ɗan kan, ya zaro aska. Ya yi tsagar nan daidai yadda take a fuskar uban, bai taɓa yin mai kyanta ba. Yaro ya tsala kuka, liman ya yi addu'a, mutane suka shafa suna kallon ƙasa.

Alhaji ya karɓi ɗansa, ya duba tsagar da kyau.

"Madalla," ya ce. "Aikinka ya ƙare gidanga. Juma'a kak ka taho."